Yadda ake gane ɓarnar da mutuwar famfon mai ke yi wa kamshaf da metal ɗin inji

Idan famfon baƙin mai ya mutu, abin da mafi yawan masu mota ke fara tambaya shi ne kuɗin sabon famfo. Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce abin da ya sami sauran sassan injin a ɗan lokacin da ya yi yana aiki babu mai. Sabon famfo zai dawo da zagayawar mai, amma ƙarfen da ya riga ya cinye ya cinye ke nan. Wannan ne ya sa ake ganin motar da aka sauya wa famfo ta bar gareji lafiya lau, bayan mako biyu ko uku kuma injinta ya buga a tsakiyar hanya, mai ita ya biya kuɗin gyara karo na biyu, wani lokaci har da na sabon inji.

Sassa biyu ne suka fi jin jiki idan mai ya yanke: metal ɗin da kiranshaf ke juyawa a kansu, da kuma kamshaf, sandar ƙarfen da ke buɗe bawul tana rufewa. Akwai hanyar da ake bi a tantance halin da suke ciki, daga bincike mai arha zuwa mai tsada, kuma mai mota na iya bin diddigin aikin ko da bai taɓa riƙe sifana ba.

Yadda mai ke zagaye inji

Baƙin mai na kwance ne a cikin kwanon da ke ƙasan inji. Famfo na zuƙo shi ta wata rariya, ya tura shi cikin filta, daga nan ya shiga babbar hanyar da aka huda a jikin bulok. Wani kaso ya nufi manyan metal da ke riƙe da kiranshaf, ya bi ƙananan ramukan da ke cikin kiranshaf ɗin ya isa metal ɗin konrod. Wani kason kuma ya haura sama zuwa tof silinda, inda kamshaf da tafet suke.

Metal ɗin inji ba irin boris mai ƙwallaye ba ne. Ɓawo ne na ƙarfe, rabi biyu, wanda aka shafe cikinsa da ma'adinai masu taushi. A wasu injina jan ƙarfe ne da darma, aka lulluɓe su da siririn rufi na darma da kuza, a wasu kuma alminiyam ne da kuza. Tsakaninsa da wuyan kiranshaf, wato sumul ɗin ɓangaren da ke juyawa a cikinsa, akwai tazarar da a yawancin ƙananan motoci ba ta wuce milimita 0.02 zuwa 0.06 ba, abin da bai kai kaurin gashin kan mutum ba. Mai ne ke cika wannan tazara, kiranshaf na yawo a kansa ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba. Da zarar man ya yanke sai gogayya ta fara, zafi ya tashi. Kuza na narkewa a maki 232 na ma'aunin salsiyos, darma kuma a 327, don haka rufin metal ba ya jimawa kafin ya fara zubewa.

Metal ɗin konrod ne ke ɗauke da nauyin da ya fi yawa, domin duk bugun da fistin ya yi a kansa yake sauka. Shi kuwa kamshaf, a injinan da yake sama, shi ne mafi nisa da famfo, shi ne na ƙarshen samun mai kuma na farkon rasa shi. Saboda haka bincike ba ya cika sai an duba ƙasan inji da samansa.

A fara tabbatar da mai laifi

Jar fitilar nan mai alamar buta da ke gaban direba ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin turinsa take nunawa. A motoci da yawa ba ta kamawa sai ƙarfin ya faɗi ƙasa da PSI 7 ko kusa da haka, a irin ma'aunin da masu faci ke auna iskar taya da shi. Ma'ana, kafin ta kama al'amari ya riga ya yi nisa. Sai dai kamawar fitilar kaɗai ba ta isa hujjar cewa famfo ya mutu ba, domin ɗan makunnin da ke aika mata saƙo shi ma yana lalacewa. Idan injin bai fara ƙara ba, ana cire makunnin a ɗaura agogon awon ƙarfin mai a gurbinsa, a tayar na ɗan lokaci. A injin 1ZZ-FE na Toyota Corolla, misali, littafin kamfani ya tanadi aƙalla PSI 4 idan inji ya yi zafi yana tsaye, da PSI 43 zuwa 78 idan ya kai juyi 3,000 a minti ɗaya. Kowane inji da nasa adadin. Idan kuwa inji ya riga ya fara bugawa, ba a sake tayar da shi da sunan gwaji.

Akwai wani abin lura da ke rikita mutane da yawa. Famfo mai kawai yake turawa, ƙarfin turin kuwa yana samuwa ne daga matsatsin hanyoyin da man ke bi. Idan metal ya cinye tazararsa ta buɗe, mai zai riƙa tsiyayewa ta gefe, ƙarfinsa ya faɗi ko da famfon lafiyarsa ƙalau. Haka kuma rariyar famfo na toshewa da daskararren mai mai kama da kwalta, ko da gutsattsarin gam ɗin da aka cika shafawa a gaskit. Bawul ɗin da ke rage ƙarfin mai idan ya yi yawa shi ma yana iya maƙalewa a buɗe. A duk waɗannan halaye famfo kan ɗauki laifin da ba nasa ba, a sauya shi, ciwon kuma yana nan.

Abin da ke juya famfon shi ma abin dubawa ne, kuma ya bambanta daga inji zuwa inji. A 1ZZ-FE kiranshaf ne ke juya shi kai tsaye. A 2AZ-FE na Camry sarƙa ce ta haɗa su. A tsohon injin Peugeot 504, wanda a da kamfanin PAN ya daɗe yana harhaɗawa a Kaduna, kamshaf na cikin bulok ne kuma haƙoran da ke jikinsa ne ke juya famfon. A irin wannan inji cinyewar waɗannan haƙora kaɗai na iya tsayar da mai.

Tambayoyin farko da abin da kunne ya ji

Bakanike mai lura zai tambayi direba abubuwa uku: tsawon lokacin da injin ya yi bayan fitilar ta kama, gudun da motar ke yi a lokacin, da nauyin kayan da ta ɗauko. Injin da aka kashe nan take a cikin cunkoson gari yana da damar tsira. Wanda ke gudu a babbar hanya da kaya maƙil, direba ya ce bari ya lallaɓa zuwa gari na gaba, da wuya ya fita ba rauni. Ɓoye gaskiya a nan mai mota kaɗai yake cutarwa.

Ƙarar da aka ji kafin a kashe inji ita ma shaida ce. Ƙas-ƙas mai sauri daga sama na nuna tafet ko kamshaf, kuma tana zuwa ne a rabin saurin inji, tunda kamshaf na yin juyi ɗaya ne a duk juyi biyu na kiranshaf. Ƙwanƙwasa mai kaifi daga tsakiyar inji, wadda ke ƙaruwa idan an taka totur, alamar metal ɗin konrod ce. Bugu mai nauyi daga can ƙasa idan mota na hawan tudu ya fi karkata ga manyan metal. Injin da ya tsaya cak ya ƙi juyawa ko da an sa sifana a kan fulin kiranshaf, wannan ya riga ya kama, sai sauke shi.

Shaidar da ke cikin mai da filta

Binciken da ya fi kowanne arha shi ne na man da aka juye. A tare shi a kwano mai tsabta, a duba shi a hasken rana. Idan yana walƙiya kamar an barbaɗa masa garin ƙarfe, wani sashe ya cinye. Daga nan a yanka gwangwanin filtar, a warware takardar da ke ciki a shimfiɗa. Ana amfani da abin yanka ne maimakon zarto, don kada garin zarton ya gauraya da abin da ake nema.

Maganaɗisu na taimakawa wajen rarrabe garin. Abin da ya manne masa ƙarfe ne, daga kiranshaf, kamshaf, tafet ko haƙoran famfo. Gari mai launin ja ko ruwan zinare wanda bai manne ba jan ƙarfe ne, alamar cewa rufin metal ya ƙare an isa ga abin da ke ƙarƙashinsa. Fari mai sheƙi wanda shi ma bai manne ba alminiyam ne, daga metal, daga mazaunin kamshaf ko daga jikin famfo. Ɗan siririn gari kaɗan ana samunsa a kowane tsohon inji. Ɓarɓashin da ake iya tsinta da yatsa kuwa, musamman wanda ya taru a kwanon mai ko a rariya, hukunci ne cewa sai an buɗe inji.

A kwance tsohon famfon shi ma a duba. Famfo na zuƙar mai ne kafin filta ta tace shi, don haka duk dattin da ke cikin kwano ta cikinsa yake bi. Idan an ga zurfafan layuka a jikin haƙoransa da murfinsa, akwai yiwuwar ɓarɓashin wani sashe ne ya kashe shi, kuma dole a nemo wannan sashen.

Duba metal da kiranshaf

A motoci da yawa ana iya cire kwanon mai a kwance murfin konrod ɗaya bayan ɗaya ba tare da an sauke inji ba. Kowane murfi da metal ɗinsa a ajiye shi bisa lambarsa da fuskar da yake kallo, domin ba a musanya su. Rabin metal na sama ne ke ɗaukar bugun fistin a konrod, a manyan metal kuwa rabin ƙasa ne, don haka su ne suka fi nuna gaskiya.

Lafiyayyen metal launin toka ne bai ɗaya, sumul. Wanda ya rasa mai zai nuna wuri mai sheƙi kamar an goge shi, ko rufin ya narke ya malala gefe. Idan jan ƙarfe ya bayyana, aikinsa ya ƙare. Layuka masu zagaye shi alamar datti ne ya bi ta ciki. Baƙi ko shuɗi kuma shaidar tsananin zafi ce. Mafi muni shi ne metal ya manne wa kiranshaf ya riƙa juyawa tare da shi a cikin mazauninsa. Ana gane wannan idan ɗan haƙorin da ke riƙe shi ya shafe, bayansa kuma ya goge. A irin wannan hali konrod ɗin kansa ya buɗe ko ya karkace, kuma sabon metal ba zai zauna a cikinsa ba. Idan babban metal ne ya juya, bulok ɗin ma na cikin haɗari.

Wuyan kiranshaf kuma ana fara gwada shi da farce. Idan an ja farce a kansa ya maƙale a wani layi, gogewa da takarda ba za ta wadatar ba. Amma farce ba ya auna kauri, sai maikiromita. Ana auna kowane wuya a wurare biyu, ta fuskoki biyu, don a gane ko ya daina zama da'ira ko gefe ɗaya ya fi ɗaya siranta. A yawancin ƙananan motoci bambancin da ya wuce kimanin milimita 0.02 ya fita daga ƙa'ida.

Tazarar mai kuwa ana iya auna ta da wani siririn zaren roba mai suna Plastigage. A share wuyan ya bushe, a ɗora guntun zaren, a mayar da murfi a ɗaure shi daidai ƙarfin da littafi ya ce, ba tare da an juya kiranshaf ba. Idan an kwance, sai a gwada faɗin da zaren ya baje da ma'aunin da ke jikin takardarsa. Yawan bajewarsa, ƙarancin tazara.

Kiranshaf ɗin da ya yi rauni ana kai shi wurin masu yanka, su rage kaurin wuyan da milimita 0.25, 0.50 ko 0.75, abin da kanikawa ke kira 010, 020 da 030, sannan a sa metal mai kaurin da ya dace. Wanda ya yi shuɗi saboda zafi sai an gwada shi ko ya lanƙwashe ko ya tsage kafin a yanka. Wasu kiranshaf ɗin kuma, musamman na injinan dizal na zamani, taurinsu a fatar sama kawai yake, yanka na iya cire shi.

Duba kamshaf

Buɗe murfin saman inji ba aiki ne mai tsada ba, kuma kallon farko na faɗin abubuwa da yawa. Idan saman a bushe yake, ko man da ke wurin ya ƙone ya zama ɓawo, to mai ya jima bai isa can ba.

Abu biyu ake dubawa a jikin kamshaf. Na farko tozayensa, wato ƙusoshin da ke danna bawul. Fatar tozo ce kaɗai aka taurara, kuma idan gogayya ta cinye wannan fata, ƙarfen da ke ciki mai taushi ne, zai ci gaba da zaizayewa cikin sauri ko da mai ya dawo. Ana neman ƙananan ramuka, layuka, sauyin launi, ko ƙololuwar da ta daɗe. Sannan a auna tsayin kowane tozo da maikiromita, a gwada da adadin littafi da kuma sauran 'yan uwansa. Tozon da ya gajarce ba ya buɗe bawul yadda ya kamata, silindar ta rasa ƙarfi, mota ta riƙa shan mai tana kasa hawa.

Na biyu wuyoyin kamshaf da mazauninsu. A mafi yawan injinan zamani babu metal a nan. Kamshaf na juyawa ne kai tsaye a kan alminiyam ɗin tof silinda, don haka idan mazaunin ya lalace babu ɓawon da za a sauya. Alminiyam ɗin da ya narke ya manne a wuyan kamshaf alama ce ta cewa tof silindar ma ta tafi. Murafen da ke riƙe kamshaf an huda su ne tare da tof silindarsu a masana'anta, shi ya sa ɗauko murfi daga wani inji ba ya magance matsalar. Ana auna tazarar nan da Plastigage kamar yadda aka yi a ƙasa, kuma a injina da yawa iyakarta kimanin milimita 0.10 ce. Haka nan ana ɗora kamshaf a kan matashi biyu a juya shi a ƙarƙashin agogon awo don a ga ko zafi ya lanƙwasa shi.

Tafet ko roka da ke gogayya da tozo tare suke cinyewa da shi. Idan an sauya kamshaf aka bar tsofaffin da suka yi rauni, za su cinye sabon. Waɗanda suke da lafiya kuma a mayar da kowanne gurbinsa na asali.

Sassan da ake mantawa da su

Garin ƙarfe ba ya tsayawa wuri ɗaya. Idan filta ta toshe, wani bawul na cikinta na buɗewa ya bar mai ya wuce ba tacewa, ya kai garin kowane lungu. Motar da ke da turbo, wanda ke juyi sama da 100,000 a minti ɗaya, sai an duba shi da bututun da ke kai masa mai. Injina masu tsarin VVT-i na Toyota ko VTEC na Honda suna da ƙananan rariya da bawul da mai ke sarrafawa, su ma suna toshewa. Haka abin da ke ɗame sarƙar taimin. Na'urar sanyaya mai, inda akwai ta, tana da wuyar wankuwa, sauya ta ya fi aminci. Hanyoyin mai na bulok da ramukan kiranshaf kuwa sai an bi su da buroshi da iska mai ƙarfi. Duk gyaran da aka yi ba tare da wannan wanki ba, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Gyara ko sauya inji

Sakamakon binciken kan faɗa ɗaya daga cikin matakai uku. Idan filta ba ta da gari, metal da kamshaf na cikin ƙa'ida, sabon famfo da wanke rariya sun wadatar, kuma sa sabon metal tunda an riga an buɗe ba asara ba ce. Idan metal ya cinye amma bai juya ba, saman inji kuma lafiya, yankan kiranshaf da sabon metal da famfo da cikakken wanki za su dawo da injin. Idan kuwa metal ya juya, mazaunin kamshaf ya narke, gari ya cika ko'ina, to kuɗin konrod, kiranshaf, kamshaf, tof silinda da ladan aiki sau da yawa na kusantar kuɗin wani injin.

A nan ne masu mota ke nufar kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja ko Ladipo a Legas neman injin Beljiyam. Shi ma wannan injin tsoho ne da ba a san tarihinsa ba, don haka binciken da aka yi wa na farko shi ya kamata a yi masa: a buɗe murfin sama a ga kamshaf, a cire kwanon mai a ga rariya, a juya kiranshaf da hannu, a kuma daidaita da mai sayarwa a rubuce kan kwanakin gwaji.

Tayarwa bayan gyara

Mintunan farko bayan haɗa inji na iya ɓata aikin gaba ɗaya. Ana shafa wa metal da tozaye mai kafin a haɗa, a cika famfo da filta da mai, a ɗaure kowane noti da sifana mai ma'auni bisa adadin littafi. Wasu kusoshin konrod da na tof silinda sau ɗaya ake ɗaure su, idan an kwance sai sababbi. Kafin a bar inji ya tashi, a cire fulogi ko a katse mai, a yi ta juya shi da sitata har agogo ya nuna ƙarfin mai. Bayan ya tashi ya yi zafi a sake aunawa, domin mai mai sanyi na da kauri kuma yana ɓoye tazarar da ta buɗe. Bayan tafiyar kilomita 500 zuwa 1,000 a juye man, a sake yanka filtar a duba.

Zuba mai mai kaurin da ya wuce ƙa'ida ko wani sinadari don a kashe ƙarar inji dabara ce ta ɓoye ciwo, kuma masu sayen mota ta hannu su yi hattara da ita. Ƙura, zafi da doguwar tsayuwa a cunkoso na saurin gajiyar da mai, man da ba a san asalinsa ba kuma shi ne kan gaba wajen toshe rariya.

Mai motar da ya kai ta gareji bayan irin wannan matsala yana da haƙƙin ganin abubuwa huɗu da idonsa kafin ya amince da kowane lissafi: takardar filtar da aka warware, tsofaffin metal a jere bisa lambobinsu, kamshaf da mazauninsa, da adadin da aka auna a rubuce kusa da na littafin kamfani. Bakaniken da ya san aikinsa ba ya jin nauyin nuna su. Idan kuma jar fitilar nan ta kama a kan hanya, direba ya nemi wuri ya tsaya ya kashe inji nan take, domin kuɗin janwe bai kai ko kusa da na inji ba.